Zomo da Ƙuri'ar Ƙona Fadama

An yi wani Zomo mai ji da kai, wanda yake wakiltar dabbobin Fadama a majalisar daji. Da ƙyar ya sha a zaɓen farko, don shi da Dila, abokin takararsa, kusan kunnen doki suka yi. Fakaru, tsuntsayen nan masu kwanci a cikin ciyawa, su suka cika masa layi, don a daji bayan ɗan takara ake tsayawa a ƙirga. Amma tun da ya shiga Jam'iyyar Masu Kofato, shi da ko kofaton ba shi da shi, sai ya ɗauka farin jininsa ne ya kai shi.

Shugabar jam'iyyar Ɓauna ce, wadda ba ta san komai ba sai cikinta. Ana gab da sake zaɓe ta kawo ƙuduri, wai a cinna wa busasshiyar ciyawar Fadama wuta don ɗanya ta tsiro da wuri. Majalisa ta rabu gida biyu daidai, ya rage ƙuri'ar Zomo.

Wata Fakara mai yawan haƙuri ta tare shi a hanya. Ta ce, "Ranka ya daɗe, muna kan ƙwai. Ku jira mu ƙyanƙyashe, 'ya'yan su yi ƙafa, sannan ku ƙona."

Zomo ya ce, "Ke Fakara, wannan maganar manya ce. Jam'iyya ta riga ta yanke."

"Wancan karon jam'iyya ce ta tsaya a bayanka, ko mu?"

"To ku koma bayan Dila mana, tunda kun manta shi ne mai shan ƙwanku. Ina za ku in ba wajena ba?"

Da ya isa majalisa, Ɓauna ta ja shi gefe ta ce, "Ɗaga hannu kawai, yaro. Ranar zaɓe ni da kaina zan kawo maka jama'a."

Gogan naku kuwa ya ɗaga, har da miƙe kunnuwa don kowa ya gani.

Washegari aka saka wutar. Abin tausayi, iyaye suna ta kewaya hayaƙi suna kuka, ƙwai suna fashewa a ƙasa. Fakara ta ƙi tashi daga kan nata sai da fiffikenta ya kama. Kafin azahar Fadama ta zama baƙin fili, ko inda ƙadangare zai ɓuya babu.

Ranar zaɓe Ɓauna ta cika alkawari, ta zo da tawaga har ƙasa tana girgiza. Sai dai a dokar daji, ɗan Fadama kaɗai yake shiga layin Fadama. Bareyi da gada 'yan wurin suka tsaya bayan Zomo, manyan baƙin kuwa suka tsaya kallo. Fakaru kuwa yawancinsu sun yi ƙaura. Aka ƙirga layin Zomo, aka ƙirga na Dila, suka zo daidai.

Can sai ga Fakara tana jan fiffike. Zomo ya taro ta da murmushi. "Yauwa, 'yar'uwa, ga wurinki nan."

Ta wuce shi, ta tsaya bayan Dila.

Zomo ya ce, "Kin haukace ne? Wannan fa ƙwai yake sha."

Ta ce, "Na sani. Shi ɗai-ɗai yake ɗauka, in na yi sakaci. Kai da hannu ɗaya ka gama da su duka."

Zomo ya juya wajen Ɓauna. "Ranki ya daɗe, a yi wani abu mana."

Ɓauna ta ce, "Mu dai ƙudurinmu ya wuce. Allah ya kai mu wani zaɓen." Ta kaɗa tawagarta suka tafi duba ko ciyawa ta fara tsirowa.

Zomo ya kama hanyar gida shi kaɗai, yana tafe a kan toka. Ya waiwaya, sai ya ga Dila bai tsaya bikin nasara ba, yana biye da shi a hankali. Ya duba gabas, ya duba yamma, babu ciyawa ko ɗaya da zai shige. Daga ranar ba a sake ganinsa ba.

Darasin wannan labari shi ne, jam'iyya tana iya ƙara wa ɗan takara jama'a, amma ba ta goge abin da ya ɗaga wa hannu a majalisa. Wanda ya ci da ƙyar, kada ya raina waɗanda suka cika masa layi, ko ya ce ba su da wurin zuwa. Idan ya ƙona su, za su tafi ko da bayan maƙiyinsu ne, shi kuma wutar ba za ta bar masa mafaka ba.