Jatau da Rufin Mahaifinsa

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da ba a san kwano ba, rufi sai azara da ƙasa. Sunansa Jatau. Wani bawan Allah ne mara hayaniya, magini ɗan magini, amma abin da aka fi saninsa da shi shi ne duba rufi. In bazara ta yi, hadari ya fara leƙowa daga gabas, sai a aika a kira shi. Ya hau sama ya taka a hankali. Ya sauko ya ƙwanƙwasa azara da ƙotar gatari yana kasa kunne. Ya soka tsinken ƙarfe inda kan azarar ya shige bango, ya zaro, ya sansana. Sannan ya ce wannan zai kai ka ga jikokinka, ko kuwa wannan a sauke shi. Ba ya ƙari, ba ya ragi.

To ku saurara. Masallacin garin, mahaifinsa ne ya rufa shi, marigayi Barau, da azarar namijin giginya, irin wadda gara ke karya haƙori a kanta. Mutanen garin ba su da abin tinƙaho kamarsa. Baƙo in ya sauka, kafin a ba shi ruwa an ja shi ya je ya ɗaga kai. Kuma saboda son da suke yi wa rufin nan, kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai a yi gayya a ƙara masa sabon yaɓe a sama. Tsohon yaɓen kuwa ba a kankare shi. Wa zai kankare ƙasar da hannun Barau ya taɓa? Yaɓe kan yaɓe, yaɓe kan yaɓe, har rufin ya yi nauyin da ba a gina shi don ya ɗauka ba, bakin indararo ya nutse, ruwa ya riƙa kwanciya yana tsatsafawa cikin bango. Ba wanda ya taɓa cewa a duba, don dubawar ma a wurinsu raini ne.

Wata shekara mai gari ya ga 'yar tsaga a bangon gabas, ya kira Jatau. Jatau ya hau, ya sauko, ya ƙwanƙwasa. Tsakiyar azara tana amsawa kamar ƙarfe. Da ya soka tsinke a bango, sai ya shige kamar an soka shi a tuwo. Ya zaro, ya ji warin ruɓa. Ya koma ta gaba, haka. Ta gaba, haka. Sai ya ce wa mai gari a ba shi zuwa gobe.

Kun san gari, magana ba ta kwana. Kafin ya isa gida labari ya riga shi. Mahaifiyarsa, tsohuwa tukuf, tana zaune a tsakar gida, inda ake hango saman masallacin ta kan katanga. Ɗanta ne na fari, ba ta kama sunansa.

Ta ce, "Kai, zo nan. Me ka gano?"

Ya durƙusa ya ce, "Inna, kawunan azarar sun tafi."

"Zai kai bana?"

"Wataƙila ya kai bana. Baɗi kam ban ɗauka ba."

Ta ce, "To ka ce a ƙara yaɓe. Abin da ya rage mini na mahaifinka ke nan. Kullum in na ɗaga kai na gan shi sai in ji kamar malam yana nan. Ni kwana nawa ya rage mini? Ka bari ƙasa ta rufe idona, sannan ka yi abin da ka ga dama."

Jama'a, kun ji inda jarrabawar take. Ba a ce ya yi sata ba, ba a ce ya kashe kowa ba. Kalma ɗaya ce, ya ce zai kai, kuma mai yiwuwa ya kai ɗin. Uwa ce ke roƙo, da hawaye.

Washegari dattawa suka taru a ƙofar mai gari. Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, a sauke shi kafin ruwa."

Wani dattijo ya zabura. "Aikin Barau? Kai, yaro! Ka rasa abin da za ka yi suna da shi sai rushe na ubanka?"

Mai gari ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce, "Jatau, kai za ka iya tsayawa salla a ƙarƙashinsa damina mai zuwa?"

Ya ce, "Ni zan tsaya, ranka ya daɗe, rai na Allah ne. Amma ba zan ce wa wani ya tsaya ba."

Mai gari ya ce a sauke.

Ku saurara da kyau, don nan ne abin ya fi ciwo. Da aka zo zare azarar, ruɓaɓɓun kawunan suka marmashe cikin bango, suka gauraye da ƙasa, ba wanda ya gan su. Abin da ya fito fili shi ne tsakiyar, lafiyayya sumul. Mutane suka ɗauki guntu suna yawo da shi zaure zaure, suna bugawa yana ƙara, suna cewa ku ji abin da Jatau ya ce ya ruɓe. Daminar nan a rumfar zana aka yi salla, ruwa na dukan mutane. Duk wanda ya yi atishawa, sunan Jatau ne a bakinsa. Aka daina kiransa duba rufi.

Mahaifiyarsa kuwa ta mayar da tabarmarta ɗaki, ta daina zama a tsakar gida. In ya zo gaisuwa ta ce lafiya, fuskarta na bango. Kafin a yanke gero Allah ya karɓi abarsa. Kafin rasuwarta Jatau ya yi ta zuwa yana durƙusawa yana neman gafara, amma bai ji ta ce na yafe ba. Wallahi abin nan yana taɓa ni duk sa'ad da na faɗe shi.

Na ga wasunku suna jira in ce daga baya gaskiya ta fito, aka zo ana ba shi haƙuri. Ba a zo ba. Rufin bai faɗi ba, ai an sauke shi. Ba wanda ya mutu, saboda haka ba wanda ya gode. Haka Jatau ya tsufa, haka ya rasu, ana nuna shi ana cewa ga wanda ya rushe aikin ubansa. Ladansa yana wurin Wanda ya ga abin da ke cikin bango.

To 'yan'uwa, darasin a fili yake. In aka ba ka amanar duba abu, ka faɗi abin da ka gani, ko da wanda zai ji zafin shi ne mafi soyuwa a gare ka, ko da ba za a taɓa gane kana da gaskiya ba. Kai da aka tambaya halin wanda ke neman 'yar maƙwabcinka, kai da aka ce duba lafiyar saniyar nan, kai da ka ga ɗan ɗan'uwanka yana lalacewa ka yi shiru don kada a ji haushinka, da ku nake. Ku kuma da aka taɓa faɗa wa gaskiya kuka ɗaure fuska, kowa ya san mutumin da ya daina gaisarwa saboda haka. In mun tashi daga nan, a je a gaishe shi tun yana da rai. Allah ya ba mu ikon faɗar gaskiya, ya ba mu haƙurin jin ta.