Waƙar da Irmiya Ya Hana a Tura

Akwai wani mawaƙin bishara a wani ƙauye da ke bayan Doguwa, sunansa Irmiya. Ba shi da kamfani, ba shi da ubangida. Daga shi sai tsohuwar jitarsa, sai matarsa Keziya mai yi masa amshi.

Shekarar da fetur ya yi tashin gwauron zabo, suka sayar da akuyar Keziya, suka je wani ɗan situdiyo a Tudun Wada suka ɗauki waƙa guda ɗaya tak. Kafin lokacin kaka, Keziya ta kwanta ciwo, ba ta tashi ba. Mai situdiyon ma tsadar mai ta kore shi, ya sayar da kayan aikinsa ya bar gari.

Muryar Keziya ta rage wuri ɗaya a duniya: cikin wayar Irmiya.

Gida ya yi masa faɗi. Da yamma sai ya jingina wayar da jikin randa, ya kunna, ya ci tuwonsa shi kaɗai tana yi masa amshi. Burinsa ya ɗauki sauran waƙoƙin da suka tsara tare, amma aljihu ya ce bai san zancen ba.

Ran nan Mama Rahila, shugabar Zumuntar Mata ta cocinsu, ta zo gaishe shi.

"Ɗana, ka saki waƙar nan ta shiga wayoyin mutane," in ji ta. "Mu mata za mu kai ta kowane taron zumunta, daga nan har Riruwai. In kaka ta yi, wadda waƙar ta taɓa ta kawo mudun masara. Da haka za ka koma situdiyo."

Irmiya ya yi ɗan murmushi. "Mudu-mudu, Mama? Ai ba bara nake ba. Ƙaddamarwa zan yi, in gayyato manya. Abin da kowa ke da shi a waya, wa zai saya?"

Mama Rahila ta gyara mayafinta ta ce Allah ya taimaka.

Jama'a, ba mugu ba ne Irmiya. Kewa ce ta haɗu da talauci, ya ga kamar duk wanda ya saurari Keziya kyauta ya ɗauke masa wani abu.

A kasuwar Doguwa akwai Tasi'u mai cajin waya da tura waƙoƙi, wurinsa Irmiya ke kai caji. Wasu matan coci suka yi ta roƙon Tasi'u, shi kuwa a ganinsa taimako ne, ya kwafi waƙar daga wayar Irmiya ya tura musu. Rannan Irmiya na wucewa ta wajen injin niƙa, sai ya ji muryar matarsa tana tashi daga wayar wata mata mai jiran layi.

Ko takalminsa bai gyara ba ya nufi shagon Tasi'u.

"Wa ya ba ka izini? Goge ta yanzu, ina kallo!"

"Ka yi haƙuri, Malam Irmiya, na yi kuskure," in ji Tasi'u. "Amma ka bar ko guda a kwamfutar nan. Wallahi ba zan ƙara tura wa kowa ba."

"Na ce goge!"

Tasi'u ya goge a gaban mutane.

Ran Lahadi Irmiya ya miƙe a coci bayan wa'azi, ya ce duk mai waƙar a wayarsa ya goge, don girman Allah da darajar marigayiya. Wa zai yi musu da mai takaicin rashin mata? Nan take aka yi ta ciro wayoyi. Mutanen kirki ne, suka yi abin da ya ce.

Damina ta yi nisa lokacin da ya tashi zuwa Riruwai gayyatar wani attajiri mai harkar ma'adinai, wanda yake fatan ya zama babban mai ƙaddamarwa. A hanyar daji suka tarar rafi ya kawo. Ɗan acaɓan da ya ɗauko shi ya ce su jira ruwa ya janye. Irmiya ya ce ba shi da lokaci, ya naɗe wando ya shiga. A tsakiya santsi ya kwashe shi. Shi dai ya fito da ransa, wayar kuwa ruwa ya yi gaba da ita.

Ya bi gaɓar rafin yana tona yashi da hannu har rana ta yi sanyi. Babu.

Washegari ya je shagon Tasi'u, kansa a ƙasa.

"Ko ta rage a wani lungu na kwamfutar?"

Tasi'u ya duba ko'ina, don ya ji tausayinsa. "Malam, babu. A gabanka na goge."

Daga nan ya shiga bi gida-gida. Ya je wa matan kwaya masu waƙar coci, ya je wa matasa, har matar nan ta injin niƙa ya nemo. Fatansa a samu mutum ɗaya mai taurin kai da ya ƙi jin maganarsa. Amsar kowa iri ɗaya ce: "Mun goge, ai kai ka ce."

Gidan Mama Rahila ya zo ƙarshe. Ya durƙusa a ƙofar ɗakinta, ya kasa gaisuwa, hawaye ya riga shi.

"Mama, ko ke kin ɓoye?"

Ita ma idonta ya kawo ruwa.

"Ni na fara gogewa, ɗana, don kada ranka ya ɓaci. Baitocin suna bakinmu, in kana so mu rera maka. Amma muryar Keziya, da ka bar mana ita, yau da kowa ya dawo maka da ita."

Irmiya ya koma gida. Ya zauna kusa da randa da kwanon tuwo a gabansa, babu abin kunnawa.

Darasi: Abin da ka raba wa mutane, su ne za su ajiye maka shi, wanda ka ƙulle kai kaɗai, rana ɗaya ta isa ta raba ka da shi. Mawaƙanmu, kada tsadar rayuwa ta sa ku raina mudun talaka kuna jiran attajiri. Ku tura wa wani wannan labari, wataƙila akwai mai riƙe da abin da ya kamata ya saki.