Amanar Faifan Juma'a

Ya 'yan uwa, a nan Maiduguri an yi wani mutum, gwanin kwamfuta, wanda rikici ya koro daga garinsu. Wata ƙungiya a unguwar Gwange ta ɗauke shi ya kula da shafinta na intanet, inda waɗanda rikici ya raba da danginsu suke saka cigiya. Suna, hoto, garin da aka rabu, lambar waya, duk suna cikin rumbun bayanai ɗaya a babbar kwamfutar ofis.

Amanar da aka ba shi ba mai wuya ba ce. Kowace Juma'a ya kwafe rumbun a faifan ajiya, ya kai gidan shugaban ƙungiyar, Malam Abdulsalami, can nesa da ofis. Da farko ya yi. Daga baya kasala ta kama shi, har ya goge abin da ke faifan ya cika shi da fina-finai. Haka yake miƙawa, Malam ya karɓa ya sa masa albarka. A ransa yana cewa, wa zai duba?

Wata ma'aikaciya, Ketura, mai karɓar cigiyar mutane, ta ba da shawara a gwada faifan a gani ko yana buɗewa. Ya ga asirinsa zai tonu. Maimakon ya tuba, sai ya ƙulla mata sharri, wai tana sayar wa 'yan damfara lambobin mutane. Da hannunsa ya zazzage jakarta a gaban jama'a. Aka kore ta tana kuka, ga marayu tana riƙo. Shi ko a jikinsa.

Sai ambaliya ta zo. Ruwa ya shanye ofis, kwamfutar ta mutu murus.

Malam ya tara mutane, ya ce su kwantar da hankali, akwai kwafi. Aka jona faifan a gaban kowa. Sai ga kiɗa da rawa.

Wata tsohuwa, Ya Falmata, ta matso. Ruwa ya tafi da ɗakinta da hoton ɗanta da ya ɓace, wanda ta saka cigiyarsa a ƙungiyar. Ta ce ba ta neman komai, a fitar mata da hoton kawai ta riƙa ganin fuskarsa.

Malam ya dubi gwanin kwamfutar ya ce, "Ana gab da ambaliyar nan wata mata ta zo cigiyar yayanta, wanda suka rabu ranar gudu daga garinku. Sunanka ta faɗa, da na mahaifinka. Na so in tabbatar kafin in gaya maka. Lambarta na cikin rumbun, ban riƙe ba."

Ƙanwar da ya daɗe da fid da rai da ita, ashe tana raye, kuma shi ya datse hanyar.

Aiki ya tafi, mutunci ya zube. Yau yana bin unguwanni da tashoshin mota yana tambayar mace, babu hoto, babu lamba. Wanda ya gane shi sai ya kau da kai.

Ya 'yan uwa, babu ƙaramar amana. Abin da aka damƙa maka ka ce ka yi alhali ba ka yi ba, akwai ranar da za a buɗe shi a gabanka. Wanda kuma ya rufe ƙaryarsa da zaluntar wani, ya tara laifi biyu. Idan wannan ne tonon asirin duniya, ina ga na gobe kiyama?

Allah ya kiyaye mu da cin amana, ya tsare bayinsa daga sharrin harsunanmu. Amin.