Layin da Zuweira Ta Bari Babu Suna

Akwai wata mata 'yar Kumasi mai suna Zuweira a Highbridge, cikin New York. A 2016 gobara ta cinye benen da take haya, sai ita da 'yarta Rukaya mai shekara shida suka koma shelta, gidan da gwamnati ke sauke iyalan da suka rasa muhalli.

In gaya muku gaskiya, Zuweira akwai girman kai. Ta ce wa matan masallaci ta koma unguwar Parkchester. Da aka ba ta fom a sheltar, ta iso layin da ake rubuta wanda zai riƙe yaro in uwa ta kasa, sai ta tsallake. Wai kada wani ya san inda take.

Ladi mai koko, tsohuwar maƙwabciyarta, ta taɓa hango ta a ƙofar sheltar. Ta matso za ta gaishe ta.

Zuweira ta ce, "Ladi, riƙe tausayinki. Ban roƙe ki ba."

Wata Talata da hantsi Zuweira ta yanke jiki ta faɗi, aka wuce da ita ɗakin tiyata. Doka kuwa ba ta barin yaro a shelta babu babba. Ma'aikaciyar kula da yara ta buɗe fom, layi fayau. In ba a sami na kusa ba kafin ƙarfe biyar, za a kai Rukaya riƙo gidan mutanen da ba ta sani ba, dawo da ita kuma sai an shiga kotu.

Ta tambayi yarinyar, "Wa kika sani?"

Rukaya na kuka ta ce, "Anti mai koko."

Sai huɗu da rabi aka gano shagon da Ladi ke sayar da koko. Ladi ta iso da garin gero a zaninta.

Ma'aikaciyar ta ce, "'Yar'uwar Zuweira ce ke?"

"Ba jini ɗaya ba," in ji Ladi. "Ba zan yi miki ƙarya ba."

"Doka ta yarda da wanda ya shaƙu da yaro, amma sai da shaida."

Ladi ta shiga laluben wayarta. Biyar saura kwata ta samo hoton ranar suna: ita ce rungume da Rukaya tana jaririya, Zuweira a gefenta tana dariya. Aka je aka duba ɗakin Ladi, aka sa hannu.

Washegari Zuweira ta farka a asibiti tana kiran 'yarta. Ta gan ta a bakin gado, an yi mata sabon kitso. Kunya ta hana ta duban Ladi.

Ladi ta miƙa mata fom da biro. "Wata biyar ina sane kina shelta, ban gaya wa kowa ba. Cike layin nan."

Darasi: Mutum rahama ne. Rufin asirin da zai raba ki da ɗanki ba rufin asiri ba ne. Ku tura wa iyayen da ke ƙasar waje, su duba layin da suka tsallake.