Wayar da Inna Mai Shara Ta Soka a Bango

Ƙawata, aje abin da kike yi ki ji wannan, don ni tun da na ji shi bakina bai huta da hamdala ba.

Akwai wata dattijuwa da ke shara a wani ƙaramin asibiti, kowa na kiranta Inna. Da wannan aikin take riƙe marayun jikokinta. Mace ce mai tsafta, ba ta iya ganin abu a yashe ta wuce shi.

A asibitin akwai wani injiniya mai kula da kwamfutoci. Kullum da safe, kafin ya sha ko ruwa, sai ya buɗe kwamfutarsa ya duba akwatin da ke raba intanet ga ofisoshi. Ya kunna masa wata kariya: idan aka haɗa waya ba daidai ba, har saƙo ya dinga zagaye yana komawa inda ya fito, akwatin zai toshe ramin da aka soka wayar kafin komai ya cushe.

Ma'aikata suka sa masa suna Mai Gadin Fitilu, saboda ƙananan fitilun jikin akwatin da yake dubawa.

"Yau ma fitilun naka sun kwana lafiya?" in ji mai ba da magani.

"Lafiya lau, suna gaishe ka," ya ce yana dariya.

Wata safiya Inna na goge ƙarƙashin tebur a ɗakin karɓar marasa lafiya, sai ta ga waya, kai ɗaya a bango, ɗayan yana jan ƙasa. Ga rami a gefe babu komai. Ta share mata ƙura, ta soka ta, ta ci gaba da aikinta.

Nan take akwatin ya toshe ramin, injiniya ya gani a kwamfutarsa. Can sai ga shi yana bin bango da ido, Manaja na biye da shi. Ya durƙusa ya zare wayar.

"Ga ta nan. Kai biyun duk a bango suke. Da babu kariyar nan, da yanzu ba likitan da zai iya buɗe sakamakon gwajin kowa."

Manaja ya haɗe rai. "Wa ya taɓa? Ko wane ne, yau zai bar asibitin nan!"

Inna na tsaye da tsumma a hannu. Jikokinta kawai take gani. Ta buɗe baki za ta yi magana, injiniya ya riga ta.

"Ranka ya daɗe, ni na bar wayar tana reto, ban kuma rufe ramin ba. Duk mai son tsafta abin da zai yi ke nan. In akwai faɗa, ni za a yi wa."

Manaja ya yi masa faɗa sosai a gaban mutane, ya shanye.

Da aka watse, Inna ta same shi. "Ɗan nan, ni ce fa."

"Na sani, Inna. Wayar ce kaɗai aka goge wa ƙura a duk wayoyin da ke ƙarƙashin teburin nan, har da kanta."

Ta yi dariya hawaye na zuba. "Allah Ya rufa maka asiri yadda ka rufa mini."

Tun daga ranar, in ta ga waya a ƙasa sai ta leƙa ofishinsa: "Ɗan nan, ga wata 'yarka can ta ɓalle." Mai ba da magani kuwa ya daina tsokana, har tambaya yake ko an duba yau. Jikokin Inna sun haddace injiniya a addu'arsu ta bayan sallah, ko fuskarsa ba su sani ba.

Darasi: Ka yi tanadin kariya tun kafin kuskure ya zo, ka kuma dinga duba ta ko ana yi maka dariya. In kuskuren ya zo daga hannun mai rauni, ka zame masa kariya kai ma. Ku tura wa 'yan uwa su amfana.

Ke kuma ƙawata, na san kin gane Innar. Don Allah kada ki faɗa wa kowa, har yau Manaja bai sani ba.