Aiken Bande da Ba a Kai Ba

"Baba, ashe Bande kusa ce? Ka je ka dawo ba a ko kira azahar ba."

An yi wani mutum a wani ƙauye na ƙasar Magarya, shi ne 'yarsa ta yi wa wannan tambaya. Ya daka mata tsawa.

Damanar da ta biyo bayan babban fari ce. Maza da yawa sun tafi cin rani ba su dawo ba, noma ya koma kan mata. Sai suka kafa rumfa a bayan lakwal, wato makarantar boko, don a tara yaran da aka yaye. Wata baƙuwa mai sanyin murya ta ce ta yi irin wannan reno a Bande. Fadi, wadda ɗanta Muttaƙa bai cika shekara uku ba, ta ce a fara tambayo halinta tukuna. Aka aiki mutumin nan, don yana da jaki, kuma ba a taɓa kama shi da ƙarya ba.

Ya kama hanya da sassafe. Ga jiki ba ƙarfi, ga ciyawa ta cinye masa gero. Ya ce a ransa, mace mai carbi a hannu, me za a bincika? Ya juya gonarsa.

Da ya dawo gari, Fadi ta tare shi. "Kawu, me suka ce?"

"Yabo dai, 'yata. Ki kwantar da hankalinki."

Aka damƙa wa baƙuwar yaran. Rumfar ta yi tsit, har mata na mamakin yadda yaran ba sa kuka. Ashe wani jiƙo take ɗura musu su yi barci, ita ta huta. Ranar wata Talata Muttaƙa bai farka ba.

Dangin Fadi suka zo ta'aziyya daga Bande. Da suka ga baƙuwar, wani dattijonsu ya ce, "Wannan ai mu muka kore ta, kan jiƙon nan. Ba ku tambaya ba?"

Mai gari ya ce, "Mun aika."

"Ba wanda ya zo mana."

Jandarma suka tafi da ita. Shi kuwa ɗan aiken ba a taɓa shi ba. An dai daina karɓar shaidarsa, ko a ɗaurin aure ko a iyakar gona. In ya yi sallama, sai a amsa ba a dube shi ba. Matarsa ta koma gidansu da yaran. Kafin kaka ya ƙetara iyaka, ba a sake jin labarinsa ba.

Ya 'yan uwa, gajiya wa ba ta kama ba? Duk a gajiye muke. Da ya ce "ban je ba", da wani ya je. Allah ya tsare mu da shaidar abin da ba mu gani ba, ya tsare mana ƙananan nan.

Ke kuma mai goyo, kafin ki sauke ɗanki a hannun da ba ki sani ba, ki aika a tambaya. In ɗan aiken ya dawo, ki ce ya faɗa miki sunan wanda ya gani da gidan da ya shiga. In ya kasa, kada ki kwance goyonki.